YADDA KAƊAN KE BA DA LABARIN MAI YAWA: BAYANI KAN BINCIKE TA HANYAR SAMFUR

Gabatarwa

Lokaci-lokaci akan ga ma'aikatan gwamnati sun shigo unguwa da takardu ko 'yan na'urori a hannu, su gai da mai unguwa, su shiga waɗansu gidaje su yi tambayoyi, su tsallake waɗansu. Idan haka ta faru a unguwa kamar Ƙofar Dumi, wadda ta ci sunan ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Bauci, ba a rasa jin maganganu iri biyu. Wanda aka shiga gidansa yakan ce, "Me na yi aka zaɓe ni?" Wanda aka tsallake kuwa yakan je wurin mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaya za a san halin da muke ciki alhali kuwa ba a tambaye mu ba?"

Tambayoyin nan biyu duk suna kan hanya, kuma ya kamata jama'a su sami amsa. Da sakamakon irin wannan bincike ne hukuma takan san inda alluran rigakafi suka yi ƙaranci, da inda yara ke fama da tamowa, da inda ya kamata a fara kai agaji. Idan sakamakon ya karkace, rabon ma sai ya karkace. Manufar wannan ƙasida ita ce a bayyana yadda ake gane halin jama'a masu yawa daga amsar mutane kaɗan, da yadda ake auna kuskuren da ke cikin yin haka, da kuma sharaɗin da in babu shi lissafin duka ya rushe.

Ƙidaya Da Samfur

Hanya biyu ce ake sanin halin jama'a. Ta farko ita ce ƙidaya, watau a bi gida-gida a lissafta kowa da kowa. Ƙidayar 1963 ta nuna mutanen Nijeriya sun kai miliyan 55 da 'yan kai. An soke sakamakon ta 1973 a cikin 1975 saboda gardamar da ta biyo bayanta. An sake yi a 1991, sa'an nan a 2006, inda aka sami mutum 140,431,790 a ƙasa baki ɗaya, daga cikinsu 4,653,066 a Jihar Bauci. Ƙidaya aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, ba a iya yin ta duk sa'ad da aka bukaci sanin wani abu.

Hanya ta biyu ita ce samfur, watau a ɗebi kaɗan a bincika, a yi hukunci da shi a kan sauran. Wannan ba baƙon abu ba ne ga kowa. Uwargida ba ta shanye tukunyar miya don ta san ko gishiri ya ji. Cokali guda ya ishe ta. Amma a lura, ba ta ɗanɗanawa sai ta motsa tukunyar. Haka kuma mai sayen hatsi da ya san ciniki ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya zura hannu ya ɗebo na tsakiya. A ilmin ƙididdiga, abin da ke zaman motsa tukunya shi ne ƙuri'a: a rubuta dukan gidaje, a ba kowanne lamba, a bar ƙuri'a ta fitar da waɗanda za a shiga, ba son ran ma'aikaci ba.

Darasi Na Farko: Amsar Samfur Ba Ta Tsayawa Wuri Ɗaya

Ga misali, kuma a sani cewa adadin da ke cikin misalan nan na koyo ne kawai. A ce akwai wani lungu a Ƙofar Dumi mai gidaje biyar, mutanen da ke cikinsu kuwa su ne 4, da 6, da 8, da 10, da 12. Jimlarsu 40. Idan aka raba 40 gida biyar aka sami 8, to, wannan shi ne matsakaicin yawan mutane a kowane gida.

Yanzu a ce ma'aikaci bai san wannan ba, an kuma ba shi iznin shiga gida biyu kaɗai ta hanyar ƙuri'a. Hanyoyi goma ne ƙuri'ar za ta iya faɗawa. Idan ta faɗa kan gida mai mutum 4 da mai 6, matsakaicinsa 5 ke nan. Idan ta faɗa kan mai 10 da mai 12, zai sami 11. Idan aka bi hanyoyin goma ɗaya bayan ɗaya, ga abin da zai fito:

Matsakaici 5, sau 1
Matsakaici 6, sau 1
Matsakaici 7, sau 2
Matsakaici 8, sau 2
Matsakaici 9, sau 2
Matsakaici 10, sau 1
Matsakaici 11, sau 1

Wannan jeri shi ake kira bazuwar sakamakon samfur, watau jerin dukan amsoshin da samfur zai iya bayarwa, da yawan fitowar kowace amsa. Akwai abubuwa uku da ya kamata mai karatu ya lura da su. Na farko, amsoshin sun taru a kewayen gaskiya: shida daga cikin goma suna tsakanin 7 da 9. Na biyu, idan aka haɗa amsoshin goma aka raba gida goma, 8 za a samu daidai, watau ƙuri'a ba ta karkata sama ko ƙasa. Na uku, yawan gidajen da aka shiga yana rage bazuwar. Da gida ɗaya, amsa tana iya kasancewa daga 4 zuwa 12. Da gida biyu, daga 5 zuwa 11. Da gida uku, daga 6 zuwa 10. Da gida huɗu kuwa, daga 7 zuwa 9.

Tsibin Hatsi

Duk wanda ya ga an zuba gero a tabarma ya san siffar tsibinsa: tudu a tsakiya, yana gangarawa gefe da gefe, 'yan ƙwayoyi ƙalilan ne ke yin nisa. Masana lissafi sun gano cewa idan samfur ya yi girma, bazuwar sakamakonsa irin wannan siffa take ɗauka, ko da kuwa abin da ake aunawa ba shi da ita. Wani Bafaranshe da ya zauna a Landan, Abraham de Moivre, shi ya fara bayyana siffar a 1733, sa'an nan Pierre-Simon Laplace ya faɗaɗa ƙa'idar a 1810.

Amfanin wannan shi ne ana iya auna faɗin tsibin. Ma'aunin ana kiransa kuskuren samfur. Kalmar kuskure a nan ba laifin ma'aikaci take nufi ba, tana nufin gwargwadon nisan da amsar samfur takan yi da gaskiya saboda faɗuwar ƙuri'a kawai. Ƙa'idar ta ce: daga cikin samfur 100, kimanin 68 amsarsu ba za ta yi nisa da gaskiya fiye da kuskuren samfur ɗaya ba, kimanin 95 kuma ba za ta wuce ninki biyu ba. Ainihin ninkin 1.96 ne, amma 2 ya wadatar a lissafin yau da kullum. Saboda haka ma'aikacin da ya ɗebi samfur guda ɗaya tak yana iya faɗin iyakar da gaskiya take ciki.

Darasi Na Biyu: Lissafin Kaso

Kaso shi ne amsar tambaya irin wannan: daga cikin yara 100, nawa ne aka yi wa allurar ƙyanda? A ce an zaɓi yara 100 a Ƙofar Dumi ta hanyar ƙuri'a, aka tarar an yi wa 60, ba a yi wa 40 ba. Ga yadda ake fitar da kuskuren samfur:

1. A ninka kason da aka yi wa da kason da ba a yi wa ba: 60 sau 40, watau 2,400.
2. A raba da yawan yaran da aka duba: 2,400 a raba gida 100, watau 24.
3. A nemi saiwar 24, watau lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 24. Ita ce 4.9, kusan 5.

Kuskuren samfur kusan 5 ke nan, ninkinsa biyu kuwa 10. A cire 10 daga 60, a kuma ƙara 10 a kan 60. Don haka rahoto na gaskiya ba zai ce "kashi 60 cikin 100" ya yi shiru ba, zai ce kason yana tsakanin 50 da 70. Wannan ita ake kira tazarar amincewa, wadda Jerzy Neyman, masani ɗan ƙasar Folan, ya tsara ƙa'idarta a 1937.

Ya kamata a fahimci ma'anarta sosai. Idan aka yi bincike irin wannan sau 100, aka fitar da tazara a kowanne, to, kimanin 95 daga cikin tazarorin za su ƙunshi gaskiya, kimanin 5 kuma za su kuskure ta. Ba wanda ya san ko binciken da ke hannu yana cikin biyar ɗin nan. Amincewar tana kan hanyar da aka bi ne.

Idan tazarar 50 zuwa 70 ta yi faɗi da yawa, sai a ƙara samfur. Ga yadda take raguwa idan kason ya zauna a 60:

Yara 100: ƙari ko ragi na 10
Yara 400: ƙari ko ragi na 5
Yara 1,600: ƙari ko ragi na 2.5
Yara 10,000: ƙari ko ragi na 1

A lura da tsadar abin: kafin a rage tazara da rabi, sai an ninka samfur sau huɗu. Shi ya sa hukuma takan tsaya inda amfanin ƙarin bai kai kuɗinsa ba.

Darasi Na Uku: Lissafin Matsakaici

Ba kullum ake neman kaso ba. Wani lokaci nauyi ake nema, ko tsawo, ko kuɗin cefane. A ce wani ɗan kwangila ya kawo wa hukuma buhunan masara 5,000, ya ce matsakaicin nauyin buhu kilo 100 ne. Mai kula da sito ya fitar da buhu 36 ta hanyar ƙuri'a, daga sama da tsakiya da ƙasa, ya ɗora su a sikeli, ya sami matsakaici kilo 97.

A nan ana bukatar sanin wani abu kuma, watau gwargwadon bambancin buhunan a tsakaninsu. Ana fitar da shi ne daga nisan kowane buhu da matsakaici, ana kiransa ma'aunin bambanci. A ce ya fito kilo 6. Kuskuren samfur shi ne ma'aunin bambanci a raba shi da saiwar yawan samfur. Saiwar 36 ita ce 6, kuma 6 a raba gida 6 ya ba da 1. Ninki biyu kilo 2 ke nan. Saboda haka matsakaicin dukan buhunan yana tsakanin kilo 95 da 99.

Kilo 100 ba ya cikin wannan tazara. Da maganar ɗan kwangila gaskiya ce, da wuya ƙwarai ƙuri'a ta fitar da 97, domin ya yi nisa da 100 har ninki uku na kuskuren samfur. Mai kula da sito yana da hujjar ƙin sa hannu sai an sake awo. Da kuwa 99 ya samu, da tazarar ta zama 97 zuwa 101, da ba shi da hujjar tuhuma. Giɓin kilo 3 a buhu 5,000 kilo 15,000 ne na dukiyar jama'a.

Akwai gargaɗi guda. Idan samfur ya yi ƙanƙanta, ninki biyu ba ya isa. William Gosset, Baturen Ingila, ya nuna haka a 1908. Da buhu 10, ninkin 2.26 ne, da buhu 5 kuwa, 2.78.

Kada A Yi Saurin Yanke Hukunci

A ce an duba yara 100 a Ƙofar Dumi aka sami 60 da allura, aka duba 100 a Ƙofar Wunti aka sami 55. Mai gaggawa zai ce Ƙofar Wunti tana baya. To amma kowane ɗaya daga cikin adadin biyu yana da nasa kuskuren. Lissafin Ƙofar Dumi ya ba da 24 kafin a nemi saiwa. Na Ƙofar Wunti kuwa 55 sau 45 a raba gida 100, watau kusan 25. A haɗa su a sami 49, saiwarsa 7, ninki biyu 14. Bambancin da ƙuri'a kaɗai za ta iya kawowa ya kai 14, wanda aka gani kuwa 5 ne. Saboda haka babu hujjar yabon unguwa ɗaya ko zargin ma'aikatan lafiya na ɗayar.

Girman Gari Ba Shi Ne Ma'auni Ba

Mai karatu zai lura cewa a lissafin kaso da na matsakaici ba a tambayi yawan mutanen gari ko yawan buhunan sito ba. Muddin jama'ar sun fi samfur yawa nesa ba kusa ba, girman samfur ne ke hukunci. Cokali guda ya isa ɗanɗana miyar gida, ya kuma isa ɗanɗana ta biki. Mutum 1,600 da aka zaɓa ta ƙuri'a daga Jihar Bauci za su ba da tazara daidai da wadda mutum 1,600 za su bayar game da Nijeriya duka.

Wannan yana da wata fuska kuma. Idan ana son amsa ga kowace jiha, dole kowace jiha ta sami nata samfur mai kauri. Misali na zahiri shi ne Binciken Yawan Jama'a da Lafiya na Nijeriya, wanda Ofishin Ƙididdiga na Tarayya ya fara a 1990, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kuma ta ci gaba da shi a 1999, 2003, 2008, 2013, 2018, da kuma 2023 zuwa 2024. A na 2018 an zaɓi yankunan ƙidaya 1,400 daga jerin ƙidayar 2006, a dukan jihohi 36 da Abuja. Aka rubuta gidajen kowane yanki, aka fitar da 30 daga ciki. An yi hira a gidaje fiye da 40,000, da mata 41,821 masu shekara 15 zuwa 49. Binciken ya nuna cewa kashi 31 cikin 100 na yara masu wata 12 zuwa 23 ne suka sami dukan alluran rigakafi na farko, alhali a 2003 kashi 13 ne. Tazarar adadin ƙasa 'yar siririya ce. Ta jiha ta fi faɗi, domin samfurinta ya fi ƙanƙanta. Unguwa guda kamar Ƙofar Dumi kuwa, binciken ƙasa ba ya ba da adadinta. Sai an yi mata nata.

Zaɓen Gungu-Gungu

Zaɓen gidaje 30 a yanki guda yana rage wahalar tafiya, amma yana da farashi. Maƙwabta sukan yi kama da juna: rijiyarsu ɗaya, asibitinsu ɗaya. Don haka yara goma daga lungu guda ba su kai yara goma daga wurare dabam-dabam ba wajen ba da labari, kuma tazara takan ƙara faɗi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙaddamar da shirinta na faɗaɗa rigakafi a 1974, ta daɗe tana amfani da wata hanya mai sauƙi da aka gina a kan wannan. Don a sami tazara ta ƙari ko ragi na 10, ana bukatar yara 96. Aka ninka su biyu saboda kamannin maƙwabta, suka zama 192, aka cike su zuwa 210, watau yara 7 a kowane ɗaya daga cikin gungu 30. A 2018 hukumar ta fitar da sabon littafin jagora wanda ya ƙara tsananta sharaɗin ƙuri'a wajen zaɓen gidaje.

Kuskuren Da Lissafi Ba Ya Gyarawa

Duk abin da aka faɗa a baya ya dogara ne a kan ƙuri'a ta gaskiya da amsa ta gaskiya. Idan ba a motsa tukunya ba, ko ludayi nawa aka ɗiba daga sama, labarin sama kawai za a ji.

A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936, wata mujalla mai suna Literary Digest ta aika wa mutum kimanin miliyan 10 takardun tambaya, fiye da miliyan 2 suka amsa. Ta ba da sanarwa cewa Alf Landon zai yi nasara. Da aka kaɗa ƙuri'a, Franklin Roosevelt ya ci jihohi 46 daga cikin 48. Mujallar ta ɗebo sunaye da yawa daga littattafan masu tarho da rajistar masu motoci, watau masu hali, kuma waɗanda suka ga dama ne kaɗai suka amsa. George Gallup, da samfur wanda bai kama ƙafar nata ba wajen yawa, ya faɗi wanda zai ci daidai.

Irin wannan karkata tana iya aukuwa a kowace unguwa: idan ma'aikaci ya tsaya a gidajen bakin titi ya ƙi shiga lungu, idan aka tambayi matan da suka zo asibiti kaɗai, alhali waɗanda ba sa zuwa su ne ake neman sani, idan mai gida ya ɓoye waɗansu 'ya'yansa saboda tsoron da aka gada tun zamanin haraji da jangali, ko ya ƙara yawansu don zaton za a raba wani abu. Ƙara yawan samfur ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wannan ne dalilin da ya sa a binciken 2018 aka hana ma'aikata musanya gidan da ƙuri'a ta fitar da wani gida.

Abin Da Ake Bukata Daga Jama'a

1. Wanda ƙuri'a ta faɗa kan gidansa, ya sani ba a zaɓe shi don wani laifi ko wata alfarma ba. Yana wakiltar ɗaruruwan gidaje ne waɗanda ba za a shiga ba.
2. Wanda aka tsallake, ya sani ba a raina shi ba. Gidansa yana cikin jeri, damarsa daidai take da ta maƙwabcinsa.
3. A nemi ma'aikaci ya nuna katin shaidarsa. Idan an gamsu, a ba shi amsa ta gaskiya, ba ragi ba ƙari. Ba a buga sunan kowa a rahoto, kuma Dokar Ƙididdiga ta 2007 ta wajabta wa ma'aikatan ƙididdiga riƙe sirrin mai ba da amsa.
4. Magidanta su ba iyalinsu izni su amsa. Mata ne akan tura su yi hira da mata. A fito da katin rigakafin yara idan an nema.
5. Masu unguwanni su taimaka wajen rubuta gidaje duka, har da na cikin lungu, amma kada su nuna wa ma'aikata gidan da za su shiga.
6. Duk wanda ya ji wani adadi a rediyo ko ya gani a jarida, ya yi tambaya uku: Mutum nawa aka tambaya? Yaya aka zaɓe su? Mene ne faɗin tazarar?

Tambayoyin Bita

1. An duba gidaje 400 ta ƙuri'a, aka sami gidan sauro a kashi 50 cikin 100. Mece ce tazarar amincewa? Amsa: 50 sau 50 a raba gida 400 ya ba da 6.25, saiwarsa 2.5, ninki biyu 5. Tazarar ita ce 45 zuwa 55.
2. An auna jarirai 64, matsakaicin nauyinsu kilo 3.0, ma'aunin bambanci kilo 0.4. Mece ce tazarar? Amsa: saiwar 64 ita ce 8, kuma 0.4 a raba gida 8 ya ba da 0.05, ninki biyu 0.1. Tazarar ita ce kilo 2.9 zuwa 3.1.
3. Wanne ya fi aminci: mutum 5,000 da suka bugo waya gidan rediyo da kansu, ko mutum 500 da ƙuri'a ta fitar? Mai karatu ya tattauna wannan da abokan karatunsa, ya faɗi dalilinsa.